Rigar Dubu 18 Da Ke Cikin Waya: Shin Kwalliyar Kuɗi Tana Kashe Darajar Gumi A Wasannin Gem?

Ana saura mako biyu Babbar Sallah, Baba ya ba wa ƙanena naira dubu 25 ya kai wa mai dusa a nan Abbatuwa ta Agege. Dubu 7 kacal suka isa hannun mutumin. Sai da ya tako da ƙafarsa bayan kwana huɗu yana neman cikon kuɗinsa sannan asiri ya tonu. Da aka tsare yaron, ashe ba ci ya yi da su ba, ba kuma wata yarinya ya kai wa ba. Riga ya saya. Baba ya ce, "To ɗauko rigar mu gani." Sai yaro ya sa hannu a aljihu ya ciro waya.

Wallahi har yau ina tuna fuskar Baba. Ya kalli wayar, ya kalli yaron, sannan ya juyo kaina. "Kai ne babba, kai kuma ka koya masa wannan shirmen. Yi min bayani. Wannan abin tana ƙara masa ƙarfi ne a wasan?" Na ce a'a, Baba. "Tana sa ya ci kuɗi?" Na ce a'a. "To me take yi?" Na ce a gan shi da ita kawai. Ya yi shiru, ya ce Allah ya shirya, ya koma cikin shanunsa.

Ranar ban iya yi masa bayanin da ya kamata ba. Shi ne nake son in yi yanzu, don na san ba gidanmu kaɗai ba ne. Daga Idi-Araba zuwa Sabon Ibadan, Shagamu, Ama Hausa ta Owerri har Fatakwal, da wuya ka shiga shagon cajin waya ko teburin mai shayi ba ka tarar da yaranmu sun sunkuyar da kai suna buga gem ba. Kuma wannan tambaya ta Baba, "to me take yi?", ita ce ainihin abin da masu buga gem a duniya suka shekara kusan 20 suna faɗa a kai.

Bari in fara da bambanta nau'in wasannin, saboda iyaye da yawa duk gem ɗaya suke gani. Waɗanda suka fi yawa a hannun yaranmu su ne na harbe-harbe, irin su Free Fire da PUBG Mobile da Call of Duty. A shiga, a yi minti 15 ko 20, a gama, a sake sabon zagaye. Amma akwai wani nau'in daban, wanda shi ne asalin inda wannan rigima ta fi zafi. Shi duniya ce guda wadda ba ta rufewa, dubban mutane daga ƙasashe daban-daban suna cikinta a lokaci ɗaya. Za ka ƙirƙiri mutum, ka raɗa masa suna, a sake ka da shi cikin tsumma da ɗan guntun takobi. Daga nan sai abin da ka yi. Ka sari itace, ka kama kifi, ka haƙo ƙarfe, ka ƙera makami, ka kai kasuwa, ka haɗu da wasu ku je ku yaƙi dodo. Inda ka ajiye mutuminka jiya, nan za ka tarar da shi yau, kuma akwai waɗanda suka shekara 15 suna rainon mutum ɗaya. Manyansu su ne RuneScape, wanda ya fito a 2001 kuma kamfanin Jagex na Ingila ke da shi, da World of Warcraft na kamfanin Blizzard na Amurka wanda ya fito a 2004, sai Final Fantasy XIV na Japan, da Albion Online wanda wani kamfani a Jamus ya yi.

A irin waɗannan wasanni, tun asali, kayan jikinka su ne shaidarka. Sabon shiga ana gane shi daga nesa, ba sai ya yi magana ba. Wanda ya jima kuma ana gani a sulkensa, a takobinsa, a dabbar da yake hawa. Kowane kaya yana da inda ake samo shi, kuma 'yan wasa sun san wuraren. Idan ka ga mutum da wata hula, ka san dodon da ya kashe kafin ya same ta. Wato ci gabanka ba a lissafi kawai yake ba, ido yana ganinsa.

Ni wannan bai taɓa yi min wuyar ganewa ba, don a kara na tashi. Baba idan tirela ta iso daga Potiskum ko Maigatari, kafin a gama sauke shanun ya riga ya karance su. Ya dubi tozo, ya dubi yadda sa ke taka ƙasa, ya danna bayansa wajen gindin wutsiya, ya buɗe baki ya ga haƙora. Zai gaya maka wannan na turke ne, ya ci dusa da harawa wata da watanni, wancan kuwa na daji ne, tafiya ta cinye shi. Jikin sa ba ya ƙarya, in dai ba a yi masa dabara ba. Kuma ana yi. Akwai masu ba dabba gishiri ko kanwa, ta kwankwaɗi ruwa ciki ya cika tam ana gobe kasuwa, baƙon mai saye ya ga ƙato ya biya kuɗin nama alhali ruwa ya saya. Abin da ya sa 'yan kara ke jin haushin wannan ba wai don an cuci mutum ɗaya ba ne kawai. Idan abin ya yi yawa, ido ya daina aiki ke nan, mai kiwon gaskiya da mai dabara sun zama ɗaya a gun mai saye. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Ni Old School RuneScape nake bugawa. Wani abokina Bayarabe da muka yi sakandare tare ya nuna min shi bayan an saka shi a waya a ƙarshen 2018, kuma na manne masa saboda ba ya cin data kamar na harbe-harbe. A cikinsa akwai wata jar alkyabba mai kama da wuta tana kwarara. Ba a sayar da ita a kasuwa, ba a ba da ita kyauta, ba za ka iya karɓar aro ba. Hanya ɗaya ce: ka shiga wani kogo kai kaɗai, ka tsallake zango 63 na dodanni, kowane ya fi na baya wuya. Abin yana iya cin awa ɗaya zuwa biyu. A zango na ƙarshe wani ƙaton dodo ne mai suna Jad, wanda duka ɗaya zai iya kai ka ƙasa. Dabarar ita ce ka karanta jikinsa. Idan ya ɗaga ƙafafun gaba ya tsaya a kan na baya, wani irin hari ne ke zuwa. Idan ya buga ƙafafun a ƙasa, wani ne daban. Kai kuma cikin ƙiftawar ido za ka danna kariyar da ta dace. Ka kuskure, ka mutu, ka koma zango na ɗaya. Kamar dai riƙe igiyar bijimi mai tunkuyi ne, kafaɗarsa kake kallo ba ƙahonsa ba.

Sau shida ina shiga. Sau biyu hannuna ne ya yi rawa, sau ɗaya sabis ya ɗauke ina tsakiyar zango na 50 da wani abu, sauran kuma rashin iyawa ne kawai. A na shida, wajen ƙarfe ɗayan dare, ina zaune a kan buhun dusa saboda nan ne sabis ya fi ƙarfi a rumfarmu, na kashe shi. Da na fito na tsaya a bakin banki cikin wasan, wani da ban sani ba, ban san ƙasarsu ba, ya rubuto min barka. Ya ga alkyabbar, ya san abin da na sha. Wannan barkar ita ce duk ladan. To yanzu ku ɗauka washegari kamfanin ya kafa shago ya ce ga alkyabbar da ta fi wannan kyau da walƙiya, dala 10. Ba a taɓa tawa ba, ƙarfinta na nan. Amma wa zai sake yi min barka?

Wannan ita ce maganar masu cewa kwalliyar kuɗi tana ɓata wasa. Kuma ba yau aka fara ba.

A watan Afrilun 2006 kamfanin Bethesda ya sayar da sulken doki a wasansa Oblivion kan dala biyu da rabi. Duniyar gem ta yi ca, ana dariya, wai wa zai biya kuɗi don ya yi wa dokin ƙarya ado. Mutane suka yi ta zagi, kuma suka yi ta saye. Bayan shekara huɗu, a Afrilun 2010, Blizzard ya fito da wani doki mai fuka-fukai, jikinsa kamar taurari, a World of Warcraft, kan dala 25. A wannan wasan, kafin lokacin, dabbobin hawa masu ban sha'awa yawanci sai an sha wuya ake samu. Akwai wanda za ka kashe dodo ɗaya duk mako har shekara ba ka dace ba, don sau ɗaya cikin ɗari yake faɗowa. Sai ga wanda ya fi su ƙyalli a shago. Ranar farko layin masu jiran saye a shafin kamfanin ya haura mutum dubu 100. Kuma ku tuna, mutanen nan suna biyan kusan dala 15 duk wata kuɗin zama a wasan, ba kyauta suke bugawa ba. Daga ranar duk kamfanonin gem suka gane inda kuɗi yake.

Ba ko'ina aka haɗiye abin da sauƙi ba. A 2011 masu wasan EVE Online, wani kamfani ne a ƙasar Aisland, suka saka gilashin ido mai ɓari ɗaya a shago kan kusan dala 70. 'Yan wasa suka yi zanga-zanga a cikin wasan kansa, suka taru da jiragensu a babbar kasuwar da ake kira Jita suna ta harbin wani gunki, wasu suka soke rajistarsu. Sai da shugaban kamfanin ya fito ya rubuta wasiƙar ban haƙuri. RuneScape kuwa a 2012 ya kawo wani abin juyawa mai kama da reta, da kuma shagon kwalliya, sannan ya sauya tsarin faɗa gaba ɗaya. Mutane suka yi ta gudu. A farkon 2013 kamfanin ya tambayi jama'a ko suna son a dawo musu da tsohon wasan, sama da mutum dubu 400 suka kaɗa ƙuri'a, aka tono kwafin wasan na watan Agustan 2007 aka kunna. Shi ne wanda nake bugawa. Ba shi da shagon riguna, kuma sabon abu ba ya shiga sai an yi zaɓe mafi yawan 'yan wasa sun amince.

To amma kar in yi son kai. Ɗaya ɓangaren ma suna da magana, kuma mu da ke nan ya kamata mu fi kowa jin ta.

Suna cewa: wasa irin wannan ba a gama shi a sayar a huta. Injinan da ke riƙe da duniyar suna cin wuta dare da rana, akwai masu zane, masu gyara, masu kama 'yan damfara, duk albashi suke jira. Dole kuɗi ya fito daga wani wuri. Ko dai kowa ya biya duk wata, ko a sayar da ƙarfi, wato mai kuɗi ya sayi takobin da zai sare talaka, ko kuma a sayar da ado kawai. A cikin ukun nan, wanne ya fi adalci? Path of Exile, wanda wani kamfani a Niyuzilan ya fitar a 2013, kyauta ake bugawa daga farko har ƙarshe, kuma da kuɗin kwalliya da na ƙarin wurin ajiyar kaya yake rayuwa. Albion Online ya koma kyauta a 2019, ya shigo waya a 2021, shi ya sa ma wasu yaranmu suka san shi. Gaskiyar da ba ma so mu faɗa ita ce, ɗan Agege da ke buga gem kyauta, wani Bature ne ko Balarabe mai sayen fuka-fukan dala 30 yake biya masa. Da a ce dala 15 ake karɓa a bakin ƙofa duk wata, da yawancinmu ko leƙe ba za mu yi ba.

Suna kuma cewa ba kowa ke da lokacin da nake da shi ba. Mai iyali da ke tashi aiki tun asuba, awa ɗaya yake samu da dare, shi ba zai yi kyau a wasan ba ke nan sai ya bar aikinsa? A RuneScape kafin ka kai mataki na 99 a sana'a ɗaya, wanda shi ne ke ba ka damar saka alkyabbar wannan sana'ar, sai ka tara maki 13,034,431. Abin dariyar ma, idan ka kai mataki na 92, rabin hanya kawai ka yi. Wannan watanni ne na danna abu ɗaya. Mai wannan hujjar zai ce maka, to shi ma ai ba gwaninta ba ce, zaman banza ne, kuma wanda ya biya dala 10 da guminsa na aiki ya fi ka amfani da lokaci. Na daɗe ina neman amsar wannan, kuma rabinta kawai na samu: alkyabbar sarar itace haƙuri take nunawa, ta kogon wuta kuma iyawa, amma dukansu suna nuna wani abu da ya faru a cikin wasan. Ta shago abin da take nunawa a waje ya faru.

Akwai kuma wani abu da masu kuka da shago ba sa son a tuna musu. Ba kuɗi ne kaɗai ya raba kaya da ma'anarsu ba. A ƙarshen 2011 World of Warcraft ya kawo tsarin da zai ba ka damar saka sulke mai ƙarfi amma ka ba shi kamannin wani tsohon sulke da ka taɓa samu. 'Yan wasa da kansu suka nema, saboda sun gaji da yawo kamar buhun gwanjo, hula ja, wando kore, takalmi shuɗi, don kawai su ne masu ƙarfi. Tun daga lokacin, ko babu shago, ba za ka kalli mutum ka san ƙarfinsa na yau ba. Sai dai ko a nan akwai bambanci: abin da ka saka ɗin, ka taɓa zuwa ka samo shi. Labarin ya tsufa amma ba ƙarya ba ne.

Misalin da ya fi tsaya min a rai shi ne na wata ƙatuwar dabba mai dogon wuya a World of Warcraft, wadda ake kira Brutosaur. Ta fito a 2018, kuma kuɗinta zinari miliyan 5 ne na cikin wasa. Mutane sun yi watanni, wasu sama da shekara, suna saye da sayarwa a kasuwar wasan don su tara. Amfaninta shi ne tana ɗauke da dillali a bayanta, duk inda kake za ka iya cinikinka ba sai ka koma gari ba. A 2020 aka cire ta daga hannun mai sayarwa, sai ta zama alamar cewa wannan mutumin babban ɗan kasuwa ne tun da. Kwatsam a watan Oktoban 2024 sai kamfanin ya fito da 'yar'uwarta mai ado da zinari a shago, ita har da akwatin saƙo a bayanta, kan dala 90. A canjin lokacin ya haura naira dubu 140, wato ninki biyu na mafi ƙarancin albashi na dubu 70 da aka sa wa hannu a shekarar. An yi surutu, an yi zagi, kuma cikin kwana ɗaya manyan biranen wasan suka cika da dogayen wuya har ba a ganin hanya. Wanda ya tara miliyan 5 ɗinsa, dabbarsa na nan, ba a ƙwace ba. Amma idan ya hau ta yanzu, sabon shiga ba zai ma lura da bambanci ba. Ruwa da gishiri ke nan da na ce ku riƙe. Kuma ku lura, wannan ba ado ba ne zalla, akwai amfani a jikinta. Haka abin yake tafiya, a fara da "ai kwalliya ce kawai", a hankali a ɗan ɗora mata wani sauƙi.

Kamar haƙorin Makka ne a wajen iyayenmu. Da can idan tsohuwa ta yi murmushi ka ga ƙyalli, ka san ta je ta dawo, sai ka gyara gaisuwa. Da ya zama duk mai 'yan kuɗi zai iya sa a maƙala masa a gari, ba a cire na Hajiya daga bakinta ba, amma ya daina magana da kansa.

Ɓarnar da ta fi wannan girma, a ganina, ba a idon 'yan wasa take ba, a ofishin kamfanin take. Mai zane ɗaya ne, lokacinsa ɗaya ne. Idan ya zana sulke mai kyau aka saka a bayan dodo, kamfani bai samu ko sisi kai tsaye ba. Idan aka saka a shago, kuɗi ya shigo a daren. To kai ne manaja, ina za ka kai mai kyaun? Ba sai an yi mugun nufi ba, ciniki ne zai ja hannunka. Shi ya sa a wasu wasannin za ka ga wanda ya gama komai, ya kashe dodo mafi wuya, yana yawo kamar almajirin da ruwa ya daka, wanda ya shigo jiya da katin banki kuma yana ta walƙiya. Ko masoyan Path of Exile sun daɗe suna wannan tsokanar a kan wasansu. Idan kayan gumi suka zama munana da gangan don na shago su yi kasuwa, an daina sayar maka da ado, an koma sayar maka da maganin kunya.

Kuma kunyar nan ita ta kama ƙanena. Ba zan kama sunan gem ɗin da yake bugawa ba, amma da na zaunar da shi daga baya na ce, kai don Allah me ya kai ka? Ya ce, "Yaya, duk 'yan ƙungiyarmu suna da sikin, ni kaɗai ne da rigar farko. Idan muka shiga sai su ce ga ɗan ƙauye ya zo. Akwai ranar da suka cire ni suka sa wani." Yaron ya fi yawancinsu iya harbi, na gani da idona. Amma a wasan nasu babu wata riga da iyawa ke bayarwa da za ta kai ta shago kyau, don haka iyawarsa ba ta da inda za ta bayyana. Kuma ga agogo a jikin rigar yana ƙirgawa, saura kwana biyu a cire. Ga shi ba a rubuta farashi da naira ba, da lu'ulu'u aka rubuta, sai ka sayi lu'ulu'u tukuna, kuma ƙunshin da ake sayarwa kullum ko ya gaza kaɗan ko ya yi saura. Ya ba wani mai POS kuɗin a hannu, aka tura wa mai sayar da lu'ulu'u, shi ke nan dusar shanu ta koma waya.

Shi ma ya yi sa'a rigar kai tsaye ya saya. Akwai wadda ta fi muni, inda za ka biya a juya maka akwati, ko ka dace ko ka tashi da tarkace, ka sake biya. Wannan caca ce ko da wane suna aka kira ta. Ƙasar Beljiyam tun 2018 ta ce irin waɗannan akwatunan na kuɗi sun faɗa ƙarƙashin dokar caca, har wasu kamfanoni suka cire su a can. Iyaye da yayye, idan yaro yana amfani da wayarku, ku duba ko katin banki na maƙale a Play Store, ku sa a riƙa tambayar lambar sirri kafin kowane saye. Amma kar ku ɗauka hakan ya isa, don na gidanmu da tsabar kuɗi ya yi nasa.

To a ƙarshe, tana kashe darajar gumi ko ba ta kashewa? Ni abin da na gani, ba kasancewar shagon ne matsala ba, inda aka ja masa layi ne. A Final Fantasy XIV akwai shago, ana sayar da riguna da abin hawa, amma makaman da ake samu a faɗa mafi wuya, masu wani irin haske na daban, ba a taɓa kai su shago ba. Duk wanda ya jima a wasan yana ganinsu ya san mai su ya sha wuya makonni tare da mutum bakwai. A World of Warcraft ma akwai dabbobin hawa da sai gwanayen faɗa tsakanin 'yan wasa ke samu a kowace kaka, idan kakar ta wuce an rufe. Inda aka bar irin wannan, kuma kayan shago suka zama ana gane su da kallo ɗaya cewa na shago ne, ido yana ci gaba da aiki. Mai kuɗi ya yi adonsa, mai gumi ya yi nasa, kowa ya san na kowa. Inda shago ya kwaikwayi kayan gumi, ko ya fi su kyau nesa ba kusa ba, ko ya dawo da abin da aka ce an rufe, nan ne ake zuba wa sa ruwa.

Kar kuma wani ya ɗauka wasan da nake bugawa waliyyi ne. Ba shi da shagon riguna, amma kamfanin yana sayar da wata takarda da kuɗin gaske, wadda za ka iya sayarwa a kasuwar wasan ka karɓi zinari, ka sayi manyan makamai ba ka kashe ko ɓera ba. Ni kaina da irin wannan takardar nake biyan kuɗin zama, sai dai ni da zinarin da na tara nake sayenta daga hannun masu dala. Kuma har jar alkyabbar tawa, da babbar yayarta da aka kawo a 2017 wadda ta fi ta wuya nesa, akwai masu biyan wani a ɓoye ya shiga da sunansu ya ciro musu, duk da doka ta hana kuma ana rufe asusun wanda aka kama. Duk inda alama ta yi daraja, sai an samu mai neman ta ta bayan gida.

Wani abin mamaki kuma, ɗaya daga cikin kayan da suka fi tsada a tarihin RuneScape ba takobi ba ne. Wata 'yar hular takarda ce da aka watsa kyauta lokacin Kirsimetin 2001, ba ta kare duka, ba ta ƙara komai. Saboda ba a sake rabawa ba, sai kuɗinta ya kai biliyoyin zinari. A Old School kuwa duk shekara ake raba irinta, don haka ko yaro sabon shiga zai iya saye. Hula ɗaya, zane ɗaya, launi ɗaya. Na nuna wa Baba wannan da daddare muna lissafin cinikin Sallah, na ce Baba ka ga abin da nake nufi. Ya ce shi dai bai ga hula ba, ya ga mutanen da ba su da aikin yi. Amma ya ɗan yi murmushi, don ya san sa nawa ya sayar a makon nan da tsada saboda ƙaho da fari, ba don nauyi ba, ga masu son a gani a ƙofar gida.

Dubu 18 ɗin kuwa Baba bai yafe ba. A kuɗin jan igiya da wankin shanu na kasuwar Sallah ya cire su, kaɗan-kaɗan, sai da suka cika. Rigar tana nan a wayar, amma bayan wata biyu aka fito da sabuwa, 'yan ƙungiyar suka koma kanta, tasa ta zama tsohon yayi. Kwanakin baya ina zaune a kan buhu ina bugawa, sai ya leƙo ta kafaɗata ya ce, "Yaya, wannan jar taka nawa ka saye ta?" Na ce ba a sayarwa. Ya ce ko da dala? Na ce ko da dala. Ya yi shiru yana kallonta tana kwarara. Washegari ya sa na buɗe masa nasa asusun. Yanzu haka yana mataki na 31 a sarar itace, sanye da tsumma, kuma jiya ya zo yana min ƙorafi wai wata saniya ta kusa kashe shi a bayan gari.